Littafin Harry Potter na farko da fim ɗinsa: abin da aka riƙe da abin da aka zubar

Tambaya daga wata malamar Turanci a wata makarantar JHS (ƙaramar sakandare) da ke Aboabo, Kumasi: "Yaran ƙungiyarmu ta karatu sun gama littafin Harry Potter na farko a zangon da ya wuce. Wasu sun riga sun kalli fim ɗin a gida, sai gardama ta kaure. Waɗansu sun ce an ɓata labarin, waɗansu sun ce fim ɗin ya fi daɗi, har suna cewa da sun sani da ba su wahalar da kansu da karatu ba. Ina so in nuna wa kowa fim ɗin a zango mai zuwa. Shin an yi wa littafin adalci? Kuma yaya zan raba musu gardamar?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. A sa yaran JHS su karance littafi mai babi 17 da Turancin Ingila, har su yi ta musu a kansa, ba ƙaramin aiki ba ne.

Kowane ɓangare na yaranki yana da tasa gaskiyar. Fim ɗin ya riƙe amanar wurare da kayayyaki da fuskoki fiye da yawancin fina-finan da aka ciro daga littattafan yara. Rauninsa yana wajen halayen yaran da ke cikin labarin. Ya nuna ladan da suka samu a ƙarshe, amma ya yanke da yawa daga wahalar da ta sa suka cancanci ladan. Wanda ya karanta littafin zai cike gurbin da abin da ke kansa, shi ya sa ba kowa ke lura ba. Wanda bai karanta ba kuwa, wani labarin ya kalla mai ɗan sauƙi, yana zaton shi ne.

Mu fara da lissafi, don yaran da ke cewa "an yanke" su san dalili. Littafin J.K. Rowling ya fito a Ingila a 1997, shafi 223, kalmomi kusan 77,000. In mutum ya karanta shi a fili daga farko har ƙarshe, kamar yadda aka ɗauke shi a faifan saurare, yakan ci sama da awa 8. Fim ɗin da Chris Columbus ya ba da umarni, Steve Kloves ya rubuta, ya fito a watan Nuwamba 2001, tsawonsa minti 152, har da jerin sunayen ma'aikata na ƙarshe. Ke nan lokacin da fim yake da shi bai kai kashi 1 cikin 3 na lokacin littafin ba. Ƙa'idar marubuta fim ita ce shafi ɗaya na rubutun fim ya yi daidai da minti ɗaya a allo. Duk fitowar da aka bari, an biya ta da wata da aka cire. Gaskiya ne kyamara tana rage wa marubuci aiki: shafi biyu na siffanta ɗakin cin abinci, daƙiƙa goma sun ishe su a hoto. Amma abin da yaro yake saƙawa a zuciyarsa, kyamara ba ta ganinsa, kuma rabin daɗin wannan littafi a cikin kan Harry yake.

Saboda haka ƙirga abin da aka yanke ba zai raba gardama ba. Ki koya musu su tambayi kowace fitowa da ta ɓace: wane aiki take yi a littafin? An ɗora wa wata fitowar wannan aikin, ko an bar shi a ƙasa? In an bar shi, ina ne daga baya labarin ya yi ɗingishi saboda rashinsa?

Akwai yankan da ya ci wannan jarrabawa ba tare da wahala ba. Babin farko na littafin yana bin Vernon, mijin 'yar'uwar mahaifiyar Harry, yini guda zuwa kamfaninsa yana ganin mutane masu baƙin tufafi a titi. Fim ya tsallake wannan, ya buɗe da dare, da tsohon da ke kashe fitilun titi da kyanwar da ta rikiɗe ta zama mace. Aikin babin shi ne a sanar da mu cewa wata duniya tana ɓoye a cikin tamu, kuma minti huɗu na farkon fim sun yi shi. Haka a gidan namun daji: a littafi gilashin ya ɓace ne kawai, mesa ta fice. A fim sai Dudley, ɗan Vernon, ya faɗa cikin ɗakin mesar, gilashin ya dawo ya rufe shi. Wannan ƙari ne, kuma mai kyau, don ya mayar da abin mamaki abin dariya da ido ke gani. Peeves, fatalwar nan mai ɓarna, an ɗauki fitowarsa da ɗan wasa Rik Mayall, daga baya aka cire gaba ɗaya. Yara sukan ji haushin wannan ƙwarai, amma in kika bi zaren labarin za ki ga babu abin da ya tsinke. Wasan ƙwallon da ake yi a sama kan tsintsiya biyu ne a littafi, fim ya yi ɗaya. Waƙar hular da ke raba ɗalibai gida-gida ta tafi. Duk waɗannan asara ce ta nishaɗi, labari bai ji ciwo ba.

Inda ciwon yake shi ne Neville, ɗan ajin su Harry mai tsoro da mantuwa, kuma a nan muke so ki tsaya da yaranki sosai.

Ki tuna yadda littafin ya ƙare. A walimar ƙarshen shekara gidan Slytherin yana da maki 472, Gryffindor, gidan su Harry, yana ƙarshe da 312. Shugaban makaranta Dumbledore ya ba abokan Harry biyu, Ron da Hermione, 50 kowanne, Harry 60, sai aka yi kunnen doki a 472. Sannan ya ba Neville maki 10 saboda ya tsaya ya tare abokansa lokacin da za su sake karya doka, kuma waɗannan 10 ɗin ne suka ci gasar. Duk yaron da ke da yaya a makarantar kwana irin su Prempeh College ko T.I. Ahmadiyya ya san abin da gasar gidaje take nufi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Marubuciyar ta ɗora nasarar shekara duka a kan yaron da aka fi rainawa, kuma ta ɗauki babi da dama tana gina wannan. A babi na 9 Neville ya manta kalmar shiga ɗaki, ya kwana a waje, ya bi su Harry cikin dare har suka faɗa wa karen nan mai kai uku tare da shi. A babi na 13 Malfoy, abokin gabarsu ɗan gidan Slytherin, ya ɗaure masa ƙafafu da tsafi, ya shigo yana tsalle ana yi masa dariya, Harry ya ba shi alewa ya ƙarfafa masa gwiwa. A wannan babin dai ya yi ƙundumbala ya shiga dambe da ƙattin yaran Malfoy biyu, aka sumar da shi. A babi na 15 an kama shi a waje da dare yana neman Harry don ya gargaɗe shi, aka ɗebe wa gidansu maki 50 saboda shi, aka kuma haɗa shi cikin waɗanda aka tura daji horo. To ranar da ya dunƙule hannu ya tare ƙofa, mai karatu ya san daga ina ya taso, ya san tsoron da ya haɗiye, ya kuma san cewa shi ma ya ɗanɗana zafin jawo wa gidansu asara.

Fim ya cire duk huɗun. Matakalar da ke juyawa ce ta kai yara uku wurin karen, babu Neville. A daji Ron aka sa a madadinsa, alhali a littafi Ron yana kwance a asibitin makaranta, jaririn dodon nan mai aman wuta na Hagrid, mai gadin filin makarantar, ya cije shi a hannu. Abin da ya rage wa Neville a fim shi ne ɓatan kwaɗonsa, da faɗowarsa daga kan tsintsiya, da tare ƙofa na daƙiƙa kaɗan kafin Hermione ta sandarar da shi. Maki 10 ɗin suna nan, ana tafi, kiɗa yana tashi, amma nauyinsu ya ragu. Mun fahimci dalilin masu fim: ana tallar jarumai uku, ba a son na huɗu ya raba hankalin mai kallo, kuma kowane yaro da aka ƙara a fitowa ƙarin wahala ne wajen ɗauka. Duk da haka wannan shi ne yankan da muke ganin ya fi tsada a fim ɗin duka. Minti uku ko huɗu da sun isa a gyara shi. An ma ɗauki fitowar ɗaurin ƙafar, tana cikin waɗanda aka mayar a dogon bugu mai minti 159.

Maganar dodon Hagrid ma ta shafi wannan. A littafi Harry da Hermione ne suka ɗauke shi a akwati, suka lulluɓa da alkyabbar ɓata, irin abin da mu za mu kira layar zana, suka hau da shi hasumiya mafi tsawo don abokan yayan Ron su tafi da shi Romaniya. A hanyar saukowa suka manta alkyabbar, aka kama su, gidansu ya yi asarar maki 150 a dare ɗaya. Makaranta duka ta juya wa Harry baya, har ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara tsoma baki a abin da ba ruwansa ba. Wannan shi ne wurin da jarumin ya faɗi ƙasa, kuma shi ya sa shawararsa ta ƙarshe, ta sake fita da dare, take da daraja. A fim, baki ɗaya aka yi: an ce shugaban makaranta ya aika da dodon Romaniya. An ɗebe makin, amma ba mu ga kowa ya ƙaurace wa Harry ba. Yaro bai sha kunya ba, saboda haka ba mu ga ya tashi daga kunya ba.

Sai shingayen da ke gadin dutsen tsafin da aka ɓoye a makarantar don kada a sace shi. A littafi bakwai ne, kowane malami da nasa: kare mai kai uku, tsiro mai shaƙe mutum, mabuɗai masu fuka-fuki, dara mai manyan 'ya'ya, ƙaton dodo, kacici-kacicin kwalabe bakwai, sai madubi. Fim ya bar biyar. Cire ƙaton dodon ba komai, tunda ko a littafi a sume suka tarar da shi. Kwalaben ne abin magana. An tsara shingayen ne don kowane yaro ya sami inda baiwarsa za ta yi aiki: Harry a tashi sama, Ron a dara, Hermione a tsabar tunani. Ɗakin kwalabe ba ya neman tsafi ko kaɗan, hankali yake nema, kuma Hermione ta lura da cewa manyan matsafa da yawa ba su da shi. Da aka cire ɗakin, dole a nemo mata wata bajinta, sai aka ba ta tsiron gaba ɗaya. A littafi, a wurin tsiron, Hermione ce ta ruɗe. Ta tuna cewa duhu da damshi tsiron yake so, Harry ya ce ta kunna wuta, amma ta tsaya tana cewa babu itace, sai da Ron ya daka mata tsawa ya tuna mata cewa ita ma mai tsafi ce. A fim an juya abin: ita ce mai natsuwa daga farko har ƙarshe, Ron ne ke ihu har sai da ta cece shi. Sakamakon haka Hermione ta rasa ɗan raunin da ke sa a so ta, Ron kuma ya rasa saurin hankalinsa na ɗan gida wanda ya tashi cikin wannan duniyar. Kloves ya faɗa da bakinsa cewa Hermione ce ya fi so a cikin labarin, kuma ana ganin alamar haka tun daga nan. A yaba masa abu ɗaya: maganar da Hermione ta yi wa Harry a ɗakin kwalabe, cewa abota da jarumta sun fi ilimin littafi, bai zubar da ita ba, ya ɗauko ta ya ajiye a ƙarshen wasan dara. Wannan misali ne mai kyau na ɗora aikin wata fitowa a kan wata.

Ƙarshen faɗan ma an sauya shi, kuma sauyin ya fi yadda ake zato girma. A littafi Harry ya riƙe Malam Quirrell ne don ya hana shi yin tsafi, fatar malamin tana ƙuna, shi kuma ciwon kai ya sumar da shi. Dumbledore ne ya iso ya janye mutumin daga kansa, kuma Voldemort, mugun matsafin da ke cikin jikin Quirrell, shi ne ya fice ya bar bawansa ya mutu. A fim Harry ya dafe fuskar malamin da hannu biyu har ya ruguje ya zama toka a gabansa. Masu fim ba sa son jarumi ya suma wani babba ya zo ya ƙarasa masa aiki, wannan tsohuwar ƙa'ida ce a sana'ar. Amma abin da aka samu shi ne yaro ɗan shekara 11 ya halaka mutum da hannunsa, kuma babu wanda ya ƙara tada zancen. Haka kuma bayanin da Dumbledore ya yi a asibiti, cewa mahaifin Harry ya taɓa ceton ran Snape, malamin da yaran suke zargi da neman sace dutsen, shi ya sa Snape yake tsare yaron duk da ƙiyayyar da ke tsakaninsu, babu shi a fim. Mai kallo ya fita ya san Snape ba shi ne ɓarawon ba, amma bai san abin da ya sa yake yin abin da yake yi ba.

Yanzu a ba yaran ɗaya ɓangaren haƙƙinsu, don ba a banza suka ce fim ya fi daɗi ba. Gani ya kori ji. An kashe kimanin dala miliyan 125, kuma kuɗin ya fito a allo. Stuart Craig, wanda ya tsara gine-ginen, ya haɗa wurare na gaske da abin da aka gina a sutudiyon Leavesden: farfajiyar da aka koyi hawan tsintsiya fadar Alnwick ce, dogayen barandun daga manyan majami'un Gloucester da Durham ne, ɗakin karatu na jami'ar Oxford ne, tashar jirgin ƙauye kuwa Goathland ce. Daɓen babban ɗakin cin abinci dutse ne na gaske. Kyandirorin da ke shawagi a sama da farko na gaske ne aka rataye da waya, sai harshen wuta ya riƙa cinye wayar suna faɗowa, aka koma yin su da kwamfuta. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fanni uku, tsarin wuri da tufafi da kiɗan John Williams, kuma waɗannan ukun su ne ainihin ƙarfinsa. Ga yaron Aboabo da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ko ginin dutse mai shekara ɗari takwas ba, hoton yana buɗe masa shafukan da ya karanta bai iya siffanta su ba. Har mujiya, wadda mu a wurinmu tsuntsuwar tsoro ce, sai yaro ya ga farar nan a kafaɗar Harry sannan yake yarda cewa a wannan labarin abokiya ce.

Fitowa biyu muke ganin sun kai littafin ko sun ɗara shi. Ta farko wasan dara. Manyan 'ya'yan dara an ƙera su ne da gaske, ana fasa su da gaske, kuma wani gwanin wasan, Jeremy Silman, shi ya tsara yadda za a ƙare shi. Ƙarar dutse da ƙurar da ke tashi sun sa sadaukarwar Ron ta yi nauyin da shafi bai ba ta ba. Ta biyu madubin da ke nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi so. Littafi ya nuna wa Harry danginsa duka, fim ya rage su zuwa uwa da uba kawai, ya bar shiru ya yi aiki, yaro zaune a ƙasa gaban gilashi cikin kayan barci. Ragin nan ƙari ne. Haka littafin hotunan iyayensa da Hagrid ya ba shi: a littafi a asibiti aka ba shi, fim ya jinkirta shi zuwa bakin jirgi, ya rufe labarin da shi, kuma ya dace.

In yaranki sun ce 'yan wasan yara "ba su iya ba", ki bayyana musu yanayin aikin. Lokacin da aka fara ɗauka a watan Satumba 2000, Daniel Radcliffe yana da shekara 11, Emma Watson 10, Rupert Grint 12, kuma biyun ƙarshe ba su taɓa yin fim ba. Awa huɗu suke yi gaban kyamara a rana, awa uku a aji. Darakta yakan kafa kyamarori da yawa lokaci ɗaya, a ɗauki jimla ɗaya ko biyu, a haɗa a wurin tacewa. Ki sa su ƙirga sau nawa hoto yake sauyawa a hira ɗaya tsakanin yaran uku, za su gani da idonsu. Wannan ne ya sa Harry na fim ya fi na littafi shiru. Na littafi yana da baki, yakan mayar wa Dudley da Snape magana mai zafi, na fim kuwa yawanci buɗe ido yake yana mamaki. An jingina nauyin a kan tsofaffin hannu, su Richard Harris da Maggie Smith da Alan Rickman da Robbie Coltrane, kuma sun ɗauka. Zancen idon Harry da littafi ya ce kore ne, fim ya bar shi shuɗi, dalilinsa shi ne gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido ya dami yaron, aka haƙura. Siddabarun kwamfuta kuwa ya tsufa a wasu wurare, musamman dodon banɗaki da mutum-dokin da ke daji. Yaran da suka saba da fina-finan yanzu za su lura, ba laifi su faɗa.

Game da nunawa. Kada ki nuna shi a zama ɗaya, minti 152 sun fi ƙarfin aji, kuma ba za a sami lokacin magana ba. Ki raba shi uku daidai da littafin: babi 1 zuwa 7, ki tsaya bayan walimar farko, babi 8 zuwa 12, ki tsaya bayan Dumbledore ya yi wa Harry nasiha a gaban madubi, sai 13 zuwa 17. Kashi na ukun ne aka fi matsewa, a nan mafi yawan abin da muka lissafa yake, saboda haka ki sa su sake karanta babi 13 zuwa 16 a makon da za a kalle shi. In kin sami dogon bugun, shi ya fi, don ya dawo da Neville kaɗan da kuma bakin Harry a ajin Snape. Ki kunna rubutun Turanci na ƙasan allo, saboda Hagrid da karin harshen yammacin Ingila yake magana, yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Ki tanadi fim ɗin a kan kwamfuta tun kafin ranar, kada ki dogara da intanet, ki cika batir saboda dumsor, wato ɗaukewar wuta, ki kuma nemo lasifika ta daban, don ta jikin kwamfuta ba za ta kai bencin baya ba. In kwafinki ya ce Sorcerer's Stone maimakon Philosopher's Stone, fim ɗaya ne. Sunan da aka sa wa littafin a Amurka ke nan, har sai da aka ɗauki duk fitowar da aka ambaci dutsen sau biyu.

Ki sanar da hedimasta da iyaye tun da wuri. Labarin makarantar koyon tsafi ne, kuma a unguwannin zango akwai iyayen da ba za su so ba, ko da an ce musu tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi. Gara su ji daga bakinki, wanda bai amince ba a ba ɗansa wani aikin ba tare da an kunyata shi ba. Hukumar tace fina-finai ta Ingila ta sa shi a ajin PG, wato a kalla da sanin iyaye. Wuri biyu ne ke firgita ƙananan yara: inuwar da ke shan jinin farin doki mai ƙaho a daji, da fuskar da ke bayyana a ƙeyar Quirrell in ya warware rawani. Ƙannen da sukan biyo yayyensu, 'yan ƙasa da shekara takwas, a sallame su kafin kashi na uku.

Kafin wannan kashi na ukun, ki yi musu ɗakin kwalaben a aji, tunda fim ba zai nuna musu ba. Akwai wani abu da masu karatu da yawa ba su lura da shi ba: kacici-kacicin ba ya warwaruwa daga shafi kaɗai, don ɗaya daga alamomin huɗu tana magana ne a kan kwalba mafi girma da mafi ƙanƙanta, littafin kuwa bai faɗi inda suke a jeri ba. Ke za ki jera. Ki nemo kwalabe bakwai masu girma daban-daban, ki zuba ruwa ko sobolo, ki liƙa takarda a gindin kowace. Daga hagu zuwa dama: ta 1 guba, ta 2 giya, ta 3 mai wucewa gaba, ta 4 guba, ta 5 guba, ta 6 giya, ta 7 mai komawa baya. Mafi ƙanƙanta ta zauna a wuri na 3, mafi girma a wuri na 6. Ki karanta musu alamomin daga babi na 16, ki raba su huɗu-huɗu, ki duba agogo. Hanyar ita ce: babbar ba guba ba ce, kuma ita da ta 2 abu ɗaya ne a ciki, ke nan duka biyun giya ne, guba tana hagun kowace giya, ke nan ta 1 da ta 5, ta 7 ta bambanta da ta 1 kuma ba ta kai mutum gaba, ke nan ita ce ta komawa, tsakanin ta 3 da ta 4, ƙaramar ba guba ba ce.

In sun gama, ki rubuta a allo minti nawa ƙungiyar da ta fi sauri ta ɗauka. Sannan ki ba kowace ƙungiya takarda biyu kacal, wato minti biyu na fim, su rubuta wannan fitowar yadda za a ɗauke ta: me kyamara take kallo, me Hermione take faɗa a fili, me Harry yake yi da hannunsa yana jira, ga wuta gaba ga wuta baya. Waɗanda suka ce an ɓata labarin su ne za su fara karanta tasu.